Yadda Masana ke Yi wa Ƙwaƙwalwa Tambaya da Haske

A shekarar 2011, masu bincike a cibiyar fasaha ta Caltech da ke Kalifoniya a Amurka, ƙarƙashin jagorancin David Anderson, sun wallafa sakamakon wani gwaji da ya ja hankalin masana ƙwaƙwalwa a duniya. Namijin ɓera ne a cikin akwatinsa, an dasa masa siririn zaren gilashi a ka, kaurinsa bai wuce na gashin kai biyu ko uku ba, bakinsa ya nutse har cikin wani ɗan lungu da ke can ƙasan ƙwaƙwalwa. Aka sa masa safar hannu ta roba da aka hura wa iska. Ɓera yana ta sunsune-sunsunensa, bai damu da ita ba. Ana kunna shuɗin haske ta cikin zaren nan, sai ya zabura ya far wa safar da cizo. Ana kashewa, sai ya lafa. Ba a yi masa allurar wani magani a lokacin ba, ba a tsokane shi ba, ba a hana shi abinci ba. Abin da kawai ya canja shi ne wasu 'yan ƙwayoyi a ƙwaƙwalwarsa sun fara aiki saboda haske ya sauka a kansu. Wannan dabara ita ce masana ke kira oftojenetiks, wato haɗa ilmin haske da ilmin gadon halitta don a tada ƙwayar ƙwaƙwalwa ko a kwantar da ita a daidai lokacin da ake so. Masu ba da labarinta sukan kasu biyu: wasu suna tallata ta a matsayin maganin makanta da taɓin hankali da ke bakin ƙofa, wasu kuma suna tsorata mutane da cewa an samu hanyar juya tunanin ɗan Adam. Ni a ganina duka biyun sun kauce wa inda darajarta take. Kayan yin tambaya ce, kuma ta ba masana damar yin wata tambaya da suka shafe fiye da shekara ɗari ba su da hanyar yin ta yadda ya kamata: wace ƙwaya ce ke haddasa wane hali?

Sai an san girman matsalar kafin a gane dalilin murnar. Ƙwaƙwalwar mutum tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, ta ɓera kuwa wajen miliyan 70. Kowace ƙwaya tana aika saƙo ne da ɗan tartsatsin lantarki da ke ɗaukar kimanin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Yawan ba shi ne babban abin ba, cakuɗar ita ce. A cikin wuri da bai kai ƙwayar gero ba za a samu ƙwayoyi iri-iri a cuɗe, wasu aikinsu zuga maƙwabtansu, wasu aikinsu tsawatar musu, ga kuma jijiyoyin da ke ratsawa kawai daga wani sashe zuwa wani. Tun 1870 wasu likitoci biyu a Jamus, Fritsch da Hitzig, suka nuna cewa idan aka taɓa wani sashe na ƙwaƙwalwar kare da lantarki, gaɓarsa za ta motsa. Amma wayar lantarki a cikin ƙwaƙwalwa kamar sanƙira ce a tsakiyar kasuwa: idan ya yi shela, mai hatsi da mahauci da ɗan dako da baƙon da ke wucewa duk sun ji, in kasuwa ta hargitse ba ka iya cewa ga wanda ya fara. Magani kuwa yana bin jini ya game ko'ina, yana ɗaukar mintoci ko sa'o'i kafin ya yi aiki, alhali ƙwaƙwalwa tana gudanar da harkarta cikin ƙiftawar ido. Na'urorin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa suna nuna sashen da ya ɗauki aiki lokacin da mutum ke jin tsoro, amma ba sa faɗa ko sashen ne ya kawo tsoron ko tsoron ne ya tashe shi. Francis Crick, ɗaya daga cikin waɗanda suka gano fasalin sinadarin gado, ya rubuta a 1979 cewa abin da fannin ke buƙata shi ne hanyar sarrafa nau'in ƙwaya ɗaya tak a bar sauran yadda suke. Shekara ashirin bayan haka ya ce mai yiwuwa haske ne zai yi wannan aiki, ko da yake shi kansa yana ganin abin da nisa.

Amsar ba daga asibiti ta fito ba, daga ruwan kududdufi ta fito. Akwai wata ƙanƙanuwar halitta dangin gansakuka, ƙwaya ɗaya ce tal, ido ba ya ganinta sai da madubin ƙara girma. Tana da 'yan gashi biyu da take iyo da su, da wani jan ɗigo da take gane haske da shi, ta nufi inda yake don ta samu abin rayuwa. Wani masani Bajamushe, Peter Hegemann, ya ɗauki shekaru yana bin diddigin yadda wannan halitta ke amsa haske da saurin da ya ba shi mamaki. A 2002 da 2003, shi da Georg Nagel da Ernst Bamberg suka bayyana sirrin: wani furotin ne da ke zaune a jikin fatar ƙwayar, wanda shi kansa ƙofa ce. Idan shuɗin haske ya sauka a kansa, sai ya buɗe nan take, sinadaran gishiri masu ɗauke da caji su kwarara ciki. In haske ya ɗauke, ya rufe. Suka sa masa suna canelrodofsin. To, ƙwayar ƙwaƙwalwa ma da irin wannan kwararar gishirin take harba saƙonta. Ke nan idan aka iya dasa ƙofar gansakuka a jikin ƙwayar jijiya, haske zai sa ta yi harbi. Ya kamata masu rabon kuɗin bincike a ko'ina su riƙa tuna wannan tarihi, domin a lokacin da Hegemann ke leƙen halittar kududdufi, ba wanda zai iya rubuta a takarda cewa aikin zai amfani mai ciwon ƙwaƙwalwa.

Ba mutum ɗaya ne ya kai abin ga ƙwaƙwalwa ba. Gero Miesenböck, ɗan ƙasar Ostiriya da ke aiki a Amurka a lokacin, ya riga ya sa ƙwayoyin jijiya su amsa haske a 2002 ta wata hanya mai sarƙaƙiya, kuma a 2005 ya nuna cewa ana iya sa ƙananan ƙudajen da ke bin 'ya'yan itace su yi tsalle su kaɗa fuka-fuki da walƙiyar haske, har da waɗanda aka cire wa kai, shaidar cewa ba da ido suka ga hasken ba. A wannan shekarar dai, a jami'ar Stanford, Edward Boyden da Feng Zhang da Karl Deisseroth, tare da Nagel da Bamberg, suka sa canelrodofsin a ƙwayoyin jijiyar ɓera da aka raina a faranti, suka nuna cewa kowace walƙiya tana iya haifar da harbi ɗaya a daidai lokacinsa. Zhuo-Hua Pan a birnin Ditroit ya yi nasa aikin a idon makafin ɓeraye, ya wallafa a 2006. Bayan an samu abin kunnawa sai aka nemi na kashewa, aka same shi a jikin wata ƙaramar halitta da aka fara ganowa a tafkunan kanwa na Wadi Natrun a ƙasar Masar. Furotin ɗinta yana amsa haske mai ruwan ɗorawa, yana tura wani sinadarin da ke sa ƙwayar jijiya ta yi tsit. Daga 2007 masu bincike suna da shuɗi na tadawa da ruwan ɗorawa na kwantarwa.

Yadda ake aikin a ɗakin gwaji yana da muhimmanci, domin a cikinsa ake gane iyakar abin. Ana ɗaukar umarnin gado na ƙera furotin ɗin, a cusa shi cikin wani bairos da aka raba shi da ikon yaɗuwa, a haɗa masa wata alama da ke sa umarnin ya yi aiki a nau'in ƙwaya ɗaya kawai. Sai a sumar da dabbar, a huda ƙoƙon kanta, a ɗiga bairos ɗin a daidai wurin da ake so da allura mafi siranta. Ana jira makonni kafin ƙwayoyin su ƙera furotin ɗin da yawa. Da yake haske ba ya ratsa naman ƙwaƙwalwa da nisa, dole a dasa zaren gilashi ya kai shi har bakin ƙwayoyin. Hasken yana haska duk abin da ke wurin, amma waɗanda ke ɗauke da ƙofar ne kaɗai ke amsawa.

Da wannan aka fara samun amsoshi masu kaifi. A 2007 an tada wasu ƙwayoyi a ƙasan ƙwaƙwalwar ɓera mai barci, ya riƙa farkawa da wuri fiye da yadda ya saba, kuma su ne ƙwayoyin da ke lalacewa a jikin masu cutar nan ta barci ya kwashe mutum ba shiri da rana tsaka. A 2011 an kunna wasu ƙwayoyi a ɓeran da ya ƙoshi, cikin mintoci ya koma kan abinci kamar wanda ya kwana da yunwa. Amma wanda ya fi taɓa zuciya shi ne aikin ɗakin binciken Susumu Tonegawa a cibiyar MIT, wanda Xu Liu da Steve Ramirez suka gudanar. Sun tsara dabarar ta yadda ƙwayoyin da suka yi aiki a wani ƙayyadadden lokaci ne kawai za su ƙera ƙofar haske. Suka sa ɓera a wani akwati, aka ɗan ja shi da lantarki a ƙafa, ya tsorata. Kwanaki bayan haka, a wani akwatin dabam da ba abin da ya taɓa samunsa a ciki, suka kunna haske a kan waɗancan ƙwayoyi, sai ɓera ya ƙame wuri ɗaya, irin ƙamewar da ɓeraye ke yi idan sun tuna haɗari. Wannan a 2012 ke nan. A shekarar da ta biyo suka ƙara gaba: suka yi wa ƙwayoyin tunawa da wani akwati mai aminci alama, washegari suka tada su da haske a daidai lokacin da ake jan ɓeran da lantarki a wani wurin dabam. Da aka mai da shi akwatin farko, sai ya ƙame, yana tsoron wurin da ba a taɓa cutar da shi ba. An daɗe ana hasashen cewa abin da aka tuna yana zaune ne a cikin wani gungu na ƙwayoyi. Hasashe ne mai kyau, amma kafin wannan gwaji ba a taɓa kama gungun aka tada shi da gangan aka ga tunawar ta dawo ba.

Mai hankali zai ce ai ɓera ba mutum ba ne, kuma ba wanda zai yarda a huda masa kai don a sa zaren gilashi, to ina amfanin? Gaskiya ne ɓera ba ya magana, ba ya baƙin ciki irin na ɗan Adam, kuma magunguna da yawa da suka yi aiki a ɓera sun faɗi a jikin mutum. Sai dai sassan da ke kula da barci da yunwa da tsoro da motsi suna da tsari mai kama da juna a dabbobi masu shayarwa, kuma ilmin da aka samo da haske ba dole ba ne a yi amfani da shi da haske. Cutar Fakinson, mai sa karkarwa da sandarewar jiki, misali ce. Likitoci sun daɗe suna dasa wayar lantarki a wani ɗan sashe mai zurfi na ƙwaƙwalwar masu ita, karkarwar ta ragu, ba tare da an tabbatar da abin da lantarkin ke taɓawa ba. A 2009, Viviana Gradinaru da abokan aikinta a Stanford suka bi sassan ɗaya bayan ɗaya da haske a jikin ɓeraye masu alamun cutar. Tada ƙwayoyin wurin ko kwantar da su bai kawo sauƙin da ake zato ba. Sauƙin ya zo ne da aka tada jijiyoyin da ke shigowa wurin daga waje. Wannan ya ba likitoci sabon abin dubawa game da inda ya dace lantarkinsu ya nufa, ba tare da an haska ƙwaƙwalwar wani majinyaci ba.

Akwai suka da ta fi wannan nauyi, kuma daga cikin masanan ta fito. A rayuwa ta ainihi ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ba sa harbi gaba ɗaya a tare. Kowace da nata lokacin. Haske kuwa yana tada ɗaruruwa ko dubbai a bugu ɗaya, abin da ƙila bai taɓa faruwa a ƙwaƙwalwar dabbar ba. Hasken da ya yi yawa yana ɗumama wurin, zafin kaɗai kuma yana iya canja aikin ƙwaya. A 2015 ɗakin binciken Bence Ölveczky a jami'ar Harvard ya fito da matsalar fili. Sun koya wa ɓeraye danna wani ƙarfe sau biyu da ƙayyadaddiyar tazara. Da suka hargitsa sashen motsi na ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci, sai ɓerayen suka kasa. Kowa zai ce ke nan wannan sashe ne ke riƙe da gwanintar. Amma da aka lalata sashen dungurungum aka bar ɓerayen suka warke, sai ga su suna yin abin da suka koya lafiya lau. Ma'ana, hargitsin ba-zata ya girgiza wasu sassan da ke haɗe da wurin ne, ba don gwanintar tana nan ba. Wannan darasi ne mai ɗaci, kuma ya rushe saurin yanke hukuncin da wasu ke yi na cewa an gano «cibiyar» fushi ko «cibiyar» tsoro. Duk da haka ban ga ya rushe dabarar ba. Abin da ya nuna shi ne amsar haske ita kaɗai ba ta isa hujja ba, sai an haɗa ta da naɗar abin da ƙwayoyin ke yi da kansu, an gwada tadawa an gwada kwantarwa, an kuma haska dabbobin da ba su da furotin ɗin don a ware tasirin zafi. Masu bincike na kirki haka suke yi, kuma an ƙera na'urorin da ke iya nufar ƙwayoyi ɗaiɗaiku da haske don a kwaikwayi tsarin harbinsu na asali.

Batun juya tunanin mutane daga nesa kuwa, bayanin yadda ake aikin ya isa amsa. Fitilar waya ko hasken talabijin ba za su yi wa ƙwaƙwalwar kowa komai ta wannan hanya ba, domin ƙwayoyinmu ba su da ƙofar, kuma ba ta shiga sai da allurar gado da tiyata. Damuwar da ta cancanci a tsaya a kanta tana wani wuri. Canjin gado da aka sa a ƙwayar jijiya ba a iya janye shi yadda ake daina shan magani, furotin ɗin kuma baƙo ne da garkuwar jiki za ta iya yi wa bore, don haka duk gwajin da za a yi a mutum yana buƙatar yardarsa bisa cikakken sani da sa ido na shekaru. Su ma dabbobin suna da haƙƙi. Ɓeran da aka tsorata da gangan ya ji tsoro na gaske, kuma ba daidai ba ne a wahalar da rai a kan tambayar da ba ta taka kara ta karya ba.

Inda aka fara gwada abin a jikin mutum shi ne ido, saboda shi ne sashen jijiya da haske ke shiga ba tare da an huda ƙashi ba. A 2021, José-Alain Sahel da Botond Roska da abokan aikinsu suka ba da rahoton wani mutum mai shekara 58 a Faransa, wanda wata cutar gado ta tantanin ido ta kama shekara 40 kafin nan. Cutar takan fara da dundumi, ta riƙa cinye ƙwayoyin da ke karɓar haske har gani ya tafi, amma takan bar ƙwayoyin da ke kai saƙo daga ido zuwa ƙwaƙwalwa da ransu. Aka yi masa allurar umarnin wani furotin mai amsa haske ruwan goro a ido ɗaya, aka ba shi tabarau mai kyamara da ke mai da abin da ke gabansa walƙiyoyin wannan launi ya harba su cikin idon. Bayan watanni na horo, ya fara gane fararen layukan tsallaka titi. A ɗakin gwaji, sanye da tabarau, ya kai hannu kan littafin rubutu da aka ajiye a tebur a kashi 92 cikin 100 na lokutan da ya gwada, ko da yake ƙananan abubuwa sun fi ba shi wuya. In ya cire tabarau, ba ya ganin komai daga ciki. Bai kai ga gane fuska ko karatu ba. Ga wanda ya shekara da shekaru a duhu wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma ya zama dole a faɗa wa masu karatu gaskiya don kada wani ya yaudare su da sunan sabuwar fasaha. Kaso mafi girma na makantar da ke addabar mutane a Nijeriya daga yanar ido yake, wadda aikin tiyata na ɗan lokaci ke kawarwa, sai hawan jinin ido, wanda ke kashe ainihin ƙwayoyin da wannan dabara ke dogara da su. Mai yanar ido likitan ido yake buƙata yau, ba jiran allurar gado ba.

Farfaɗiya ce ta fi nuna inda irin wannan ilmi zai iya riskar talaka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ita kimanin miliyan 50, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaici, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rayuwa ba faɗuwa in sun samu maganin da ya dace. Har yanzu a gidaje da dama ana ɓoye mai ita, ana gudun yawunsa, ana hana shi makaranta ko aure. A 2013, Esther Krook-Magnuson da Ivan Soltesz a jami'ar Kalifoniya da ke Irvine suka haɗa ɓeraye masu farfaɗiya da kwamfuta mai sauraron lantarkin ƙwaƙwalwa. Da zarar ta ji alamar tashin ciwon, sai ta kunna haske da kanta. Ko dai a kwantar da ƙwayoyi masu zugawa, ko a tada wani ƙaramin rukuni na masu tsawatarwa, a duka hanyoyin biyu ciwon yakan yanke ko ya gajarta. Ba a yi wa mutane wannan ba, kuma hanyar kai shi can tana da tsawo. Amma gwajin ya nuna a zahiri cewa abin da ke kayar da mai farfaɗiya hargitsin lantarki ne a cikin ƙwayoyin da ake iya nunawa da yatsa, yana da wurin farawa, yana da wurin da ake tare shi. Magungunan da ake sha yanzu suna rage kuzarin ƙwaƙwalwa baki ɗaya, shi ya sa wasu ke kukan kasala da yawan barci har su daina sha, kuma kusan ɗaya cikin uku na masu ciwon ba sa samun cikakken sauƙi da su. Masu haɗa magani suna buƙatar sanin takamaiman ƙwayoyin da za su nufa kafin su iya yin wanda ya fi waɗannan, kuma rukunin masu tsawatarwar nan da hasken ya fito da su yana cikin waɗanda ake bincike a kansu yanzu.